Yadda za ki yi dogon zama a gidan ɗan uwa a ƙasar waje idan annoba ta rutsa da ke

Assalamu alaikum. Wata ɗaya muka je yi a Jidda, ni da Hajiyarmu da yarana biyu, wata bakwai da 'yan kwanaki muka yi. Mun sauka tsakiyar Fabrairun 2020 da bizar ziyara da yayana mai aiki a can ya nema mana, muka samu muka yi Umara a satin farko Alhamdulillah, ba mu san rabo ne ya kai mu da wuri ba, dan ranar 27 ga Fabrairu Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umara saboda korona, ranar 15 ga Maris aka tsayar da jiragen ƙasashen waje, Najeriya ita ma ta rufe nata filayen jirgin ranar 23 ga Maris, shikenan muka zauna. Ba na fatan Allah Ya maimaita mana irin wannan, amma dai abin da na koya ina ganin zai amfani duk wadda tafiya ta ƙi ƙare mata a gidan wani, ko annoba ce ko rufe boda ko rashin lafiya. Da mata nake magana dan nan na fi sani, amma maza ma ku karanta, musamman masu masaukin.

Abin da za ki fara yi tun ranar da kika ji an rufe hanya shi ne takardu, kafin kuka, kafin kiran gida. Ki ɗauko fasfon kowa ki shimfiɗa a gado, ki rubuta a takarda ɗaya ranar da kowane fasfo zai mutu, ranar da biza za ta ƙare, da lambar tikiti, ki ɗauki hoton komai a waya ki tura wa mutum biyu, ɗaya a inda kike ɗaya a gida. A Saudiyya bizar ziyara tana rataye ne a wuyan wanda ya gayyace ki, shi ne zai shiga manhajar gwamnatin Saudiyya mai suna Absher ya ga kwanakin da suka rage ya sabunta, kuma idan ta ƙare ba a sabunta ba tarar a kansa take sauka, wani lokacin har ta taɓa masa iƙama, wato takardar izinin zamansa a ƙasar. A waccan shekarar hukumar shige da fice ta Saudiyya, wato Jawazat, ta yi ta ƙara wa masu bizar ziyara lokaci kyauta ba tare da an je ofis ba, amma kar ki kwanta a kan "ai an ce an ƙara wa kowa", ki sa a buɗe a duba da sunan kowa ɗaya bayan ɗaya har jariri, ki ga sabuwar ranar da idonki. Mu duk farkon wata muke dubawa, Yaya ya zauna da waya ni ina riƙe da takardar ina gyara kwanan wata. Sannan ki sanar da ofishin jakadancin ƙasarki cewa kina nan, mu 'yan Najeriya akwai ƙaramin ofishi a Jidda babban yana Riyad, ki ba da suna da lambar fasfo da lambar waya mai shiga, dan idan aka tashi kwaso mutane da waɗanda aka san da zamansu ake farawa.

Tikiti kuma kar ki yi gaggawar cewa a dawo miki da kuɗi, kuma kar ki yi shiru. Ki rubuta wa kamfanin jirgin ko ejan ɗin da ya yanka miki, a rubuce ba a baki ba, ki ce a bar miki shi a buɗe, ki adana amsar. Mu ejan ɗinmu a baki ya ce mana ba matsala, da lokacin tafiya ya zo sai magana ta canza, sai da muka cika kuɗi mai yawa, kuma ba mu da ko saƙo ɗaya da za mu nuna.

Toh yanzu ga wanda ya fi komai wuya, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna rubutun nan. Baƙunta kwana uku ce, in ta yi tsawo sati biyu. Daga ranar da ta tabbata ba ranar tafiya, ke ba baƙuwa ba ce kuma, 'yar gida ce, kuma dole a zauna a faɗi haka da baki. Mu Hausawa kunya da kara suna hana mu, mai gida ba zai taɓa cewa abinci ya yi masa nauyi ba ko da bashi yake ci, matar gida ba za ta ce ta gaji ba, ke kuma kina ganin in kin yi maganar kuɗi kamar kin raina ɗan uwanki, sai kowa ya yi shiru abu yana ta taruwa a ciki har ranar da zai fashe a kan ƙaramin abu kamar kofin shayi da ba a wanke ba. Mu mun kai sati biyar a haka. Abin da ya farkar da ni, wani dare na fito shan ruwa wajen ƙarfe biyu na tarar da Yaya zaune a kicin a ƙasa, fitila a kashe, hasken waya kawai a fuskarsa, ga rasit na baƙala, wato kantin unguwa, ya baza su a gabansa yana lissafi, ashe an rage musu albashi tun watan Afrilu bai gaya wa kowa ba, gida mai mutum biyar ya koma tara. Washegari bayan azahar na same shi na ce Yaya dan Allah ina da magana kuma kar ka katse ni, ya ce ina jin ki, na ce daga wannan watan ni zan ɗauki ruwan sha da gas da madarar yara da duk abin da ya shafi maganin Hajiya. Ya ce haba ke kuwa, a gidana? Na ce ai shi ya sa, dan gidanmu ne. Ya daɗe bai ce komai ba sannan ya ce Allah Ya yi albarka.

Ki lura ban miƙa masa kuɗi a hannu ba, da na yi haka wallahi ba zai karɓa ba. Dabarar ita ce ki zaɓi wasu abubuwa takamaimai ki ce naki ne, ki riƙa biya kai tsaye, kuma ki zaɓi abin da za ki iya ɗorewa a kai ko da zaman ya kai shekara, gara kaɗan da ba ya yankewa da ki yi bajinta wata ɗaya wata na biyu ki kasa. In ba ki da ko sisi, ki faɗa, ki ce Yaya ba ni da abin da zan sa amma aikin gida kaza da kaza nawa ne, wannan ma gudummawa ce kuma ana gani. Ki kira maigidanki ko wanda ke turo miki kuɗi daga gida ku tsayar da abin da zai riƙa zuwa duk wata, kuma ku yi lissafi da faɗuwar naira, dan riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 dala ɗaya, ita kuwa dala a kasuwar canji daga wajen naira 360 ta haura 450 cikin waɗannan watannin na 2020, ga bankuna da yawa sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje wasu har dala 100 a wata, ga Saudiyya ta ɗaga harajin kaya daga kashi 5 zuwa 15 daga 1 ga Yuli, komai ya ƙara kuɗi lokaci ɗaya. In za a yi musanya ta hannu, wato a ba wani naira a Kano ɗan uwansa ya ba ki riyal a can, ki tabbata mutumin da mai masaukinki ya sani ne ido da ido, kuma ki fara da kaɗan. Layin wayarki na gida kar ki bari ya mutu, da shi banki ke turo lambar sirri, ki sa a riƙa loda masa kati ko na ɗari biyu ne.

Sai matar gida. In gidan yayanki ne ko ƙaninki, ki sa a ranki ke dangin miji ce, kuma duk kirkinki zuwanki nauyi ne a kanta, balle ga uwar miji a gidan. Anti, matar Yaya, mutuniyar kirki ce ta gaske amma gida ne mai ɗaki uku da falo a hawa na biyu, ba tsakar gida ba soro ba inda za ka fita ka sha iska, ga dokar hana fita da ta fara daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe daga baya a Afrilu ta koma awa 24 a Jidda, sai dai fita sayen abinci ko magani a cikin unguwa daga 6 na safe zuwa 3 na rana, wanda aka kama ya karya doka tarar riyal 10,000. Wato mutum tara ido cikin ido dare da rana. Kicin nata ne, wannan ki riƙe shi da kyau. Kar ki canza wa tukunya wuri, kar ki ce mu a gida ba haka muke yi ba, kar ki buɗe firji ki ɗauki nama ba ki tambaya ba ko da ke kika saya. Ki same ta ku biyu, ba a gaban mijinta ba kuma ba a gaban Hajiya ba, ki ce Anti ya kike so mu raba aikin nan, ki bar ta ta zaɓa. Mu kwana bibbiyu muka yi, ranar girkina ita ba ta shiga kicin sai in ta ga dama, ranar nata ni ce da wanke-wanke da banɗaki da yara. Kuma kullum bayan isha'i nakan kwashe yarana da Hajiya mu shige ɗakinmu mu ja ƙofa mu bar musu falonsu, ko ba barci za mu yi ba. Mata da miji suna buƙatar su zauna su yi hirarsu ba kunnen kowa, in ba ki ba su wannan ba babu mai roƙonki amma za a ji haushinki.

Abu ɗaya da nake roƙonki da girman Allah, abin da kika gani a gidan ya tsaya a gidan. Za ki ga saɓaninsu, za ki ji abin da bai kamata ki ji ba dan bango ba kauri, kar ki ɗauki waya ki sanar da 'yan uwa a gida, kar ki kai wa Hajiya. In Hajiya da kanta ta fara ƙorafi a kan surukarta, ke ce mai sanyaya ta, ki ce Hajiya gajiya ce, yarinyar nan tana ƙoƙari. Ita ma Hajiyar a takure take, tsohuwar da ta saba da gidanta da maƙwabtanta da zuwa suna da biki an kulle ta a bene, ga kunyar suruka ko abinci ba ta iya sakewa ta ci a gabanta, sai muka koma kai mata nata ɗaki, muka kuma ba ta aikin da take jin daɗi, gyaran wake, tsinke ganye, da biya wa yara karatun allo bayan la'asar.

Maganin tsofaffi kar ki jira ya ƙare. Hajiya tana da hawan jini da suga, na wata ɗaya da rabi muka taho da shi. Tun da saura na sati biyu ki ɗauki kwalin ki je kemis, dan sunan kamfani yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ainihin sunan maganin da aka rubuta da ƙananan baƙi a ƙasa da adadin miligiram shi za ki nuna. Ki sa likitanta na gida ya rubuto takarda a ɗauki hoto a turo. Kuma kar ki yarda wani ya ce zai aiko miki da magani ta hannun matafiyi in hanya ta buɗe, akwai magungunan da ake sha a gida kamar ba komai ba amma a Saudiyya babban laifi ne shiga da su, irin su tiramadol, har goro ma an hana. Ki duba inshorar lafiyar da aka yi da bizar, in an ƙara biza a tabbata ita ma an sabunta ta. Ki sayi na'urar awon jini da ta suga da ma'aunin zafin jiki, da ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa yana nuna iskar da ke cikin jini, duk ba su da tsada sosai.

Tun kowa yana lafiya ku yanke shawarar ɗakin da za a killace mutum in ya kamu, wanda ya fi kusa da banɗaki kuma yana da taga, da wanda zai riƙa kula da shi, mutum ɗaya tak, ba tsoho ba, ba mai ciki ba, ba mai suga ba. Mai fita cefane ma ya zama mutum ɗaya, in ya dawo ya wuce banɗaki kai tsaye ya wanke hannu da sabulu ya canza kaya kafin yara su rungume shi. Mu Yaya ne ya kamu a watan Yuni, zazzaɓi da ciwon jiki, kwana biyu ya ce shi ba ya jin ƙamshin turaren wuta da Anti ta sa, nan muka gane. Lambar ma'aikatar lafiya a can 937 ce, motar asibiti 997, ki rubuta su a takarda ki manna a jikin firji dan ranar da hankali ya tashi ba a tuna komai. Kuma ki sani a ƙarshen Maris na 2020 Sarki Salman ya ba da umarnin a yi wa kowa maganin korona kyauta, ɗan ƙasa da baƙo har wanda takardunsa suka mutu, na faɗi wannan ne dan na san akwai 'yan uwanmu da yawa da tsoron kamu ya sa suka ɓoye ciwo a ɗaki, duk ƙasar da kike ki bincika irin wannan dokar tun kafin ki buƙace ta. Yadda muka yi, kwanonsa da kofinsa da cokalinsa daban, a ajiye abinci a bakin ƙofa a ƙwanƙwasa a matsa, taga a buɗe duk da zafin Jidda, Anti kaɗai ke shiga da takunkumi, safe da yamma ya turo mana awon zafinsa da na iska ta waya, da sharaɗin in numfashi ya fara yi masa wuya ko awon iskar ya sauka zuwa 92 ba shawara sai asibiti. Hajiya kuwa muka hana ta ko leƙa ƙofar, wannan ya fi komai yi mata ciwo, ɗanta yana tari a ɗaki tana ji, sai ta ja kujera can ƙarshen falo inda take hango ƙofar ta zauna da carbi tun safe, in ya yi tari ta ɗaga murya ta ce sannu babana, shi kuma daga ciki ya ce yauwa Hajiya da sauƙi. Sati biyu a haka, Allah Ya tashi kafaɗarsa kuma ba wanda ya ƙara kwanciya.

Yara ki yi musu tsari tun satin farko in ba haka ba waya za ta raine su. Ba wani abu mai wahala ba, tashi lokaci ɗaya, wanka, karatun boko awa biyu da safe, allo da yamma. Na sa aka ɗauko min hoton littattafansu shafi shafi daga gida aka turo. Faɗan yara kuma shi ne ƙofar da shaiɗan ya fi shigowa ta ita tsakanin manya, dokar da muka sa ita ce kowa ya hukunta nasa, in ɗanki ne da gaskiya ma ki janye shi ki ba shi haƙuri a ɗaki. In za ki saya wa naki alawa ki saya da na masu gida, in ba zai isa ba ki bari.

Abinci ba zan ja shi ba. Kuka da daddawa da yaji da muka taho da su wata biyu suka yi suka ƙare, muka koma tuwon semo da busasshiyar mulukiya wadda ita ce lalo ɗinmu, da ɗanyar kuɓewa, da safe kuma ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, kamar kowa. In kina da sauran kayan miyar gida ki miƙa wa matar gida duka, kar ki ɓoye a akwati.

Ki kula da zuciyarki da ta tsohuwar da ke hannunki game da labarin gida. A watan Afrilu zuwa Mayu lokacin da aka yi ta rasa dattawa a Kano, kusan kullum sai an turo rasuwa, ga azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu ba tarawihi a masallaci, ladan yana kira yana cewa a yi salla a gida, Makka tana nan kusa tafiyar awa ɗaya amma ba halin zuwa, ƙaramar salla ma a kulle muka yi ta dan an sa dokar awa 24 a duk ƙasar na kwana biyar. Na roƙi 'yan uwa duk rasuwar da aka yi a fara gaya min ni, ni zan san lokacin da zan gaya wa Hajiya, bayan ta ci abinci ta sha magani ba da tsakar dare ba. Mu yi ta'aziyya ta waya, mu yi sadaka a madadin zuwa. Jam'i kuma a falo muke yi Yaya ya ja mu, wannan ya riƙe gidan ba kaɗan ba. Maigidanki da kika baro ki sa masa lokacin kira tsayayye kullum, Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, ki haɗa shi da yara, ki kuma wakilta mutum ɗaya amintacce ya riƙa leƙa ɗakinki da kayan sana'arki, in ma'aikaciya ce ke ki rubuta wa wurin aiki takarda da hoton tikitin da aka soke.

Da aka fara maganar buɗe hanya kar ki yi rawar ƙafa ki biya duk wanda ya ce yana da jirgi. An yi jiragen kwaso mutane tun watan Mayu, kuma Saudiyya ta buɗe wani shiri a Absher mai suna Auda na masu son komawa ƙasashensu, amma a jiragen farko mutum shi ke biyan kuɗin kujerarsa kuma in an sauka sai an killace shi sati biyu a otal, da tsohuwa mai suga da yara biyu muka ga gara mu jira. Najeriya ta buɗe ranar 5 ga Satumba, Legas da Abuja kawai, Kano ba ta cikin su a lokacin. Tsarin a lokacin, a 2020, shi ne ki fara tabbatar da kujera, sannan ki yi gwajin korona na PCR a wurin da aka amince da shi cikin awannin da aka ƙayyade kafin tashi, ki duba adadin awannin a ranar dan an yi ta canza su, ki tabbata sunan da ke takardar gwajin daidai yake da na fasfo harafi da harafi, sannan ki cike fom a shafin intanet na gwamnati na matafiya ki biya kuɗin gwaji na biyu da za a yi miki kwana bakwai bayan sauka, ki buga komai a takarda kar ki dogara da waya. Ki sa mai masaukinki ya ƙara duba Absher ya tabbata ba tara a kan kowa kafin ku kama hanyar filin jirgi.

Kafin ki fita ki biya duk ɗan bashin da kika ci a baƙala ko kemis, ki wanke ɗakin da kuka zauna tas har labule, abin da yaranki suka fasa ko suka ɓata ki maye shi ko an ce ki bari. Na'urorin awon nan na bar musu su, na Hajiya kawai na ɗauka. Ki yi wa matar gida alheri nata na kanta daban da na gida, ni 'yan kunnen da na saya da niyyar kaiwa gida na ba ta, ki kuma nemi yafiyarta ke da ita a ɗaki, mu dai da na ce Anti ki yafe min duk abin da na yi miki, kuka ya hana ta amsawa sai kai take gyaɗawa. Ƙarshen Satumba muka sauka Abuja, muka wuce Kano, kuma ki gaya wa 'yan uwa tun kina can cewa ba zuwa sannu da zuwa sai kin cika kwanakin da aka ƙayyade, mu a lokacin kwana bakwai ne sannan a yi gwaji na biyu, za su ji ba daɗi, wasu ma za su zo duk da haka, ki gaisa da su ta taga ki ce tsarabarsu tana nan.